Kuɗin da ke riƙe da kwaleji: tsohon akanta ya amsa wasiƙunku

Tun da jami'o'i da kwalejojin Sudan da yaƙi ya tarwatsa suka fara komawa mazauninsu, wasu kuma suka yi zamansu a Kasala da Gadarif da Bur Sudan, da wuya ka sami attajirin da bai ga tawagar malamai a ƙofar shagonsa ba. Wasiƙun wannan wata ma can suka dosa, na zaɓi biyar daga ciki. Ni ba malamin fiƙihu ba ne. Aikin da na sani shi ne na ofishin kuɗi a wata kwaleji mai zaman kanta a Umdurman, inda na yi furfura ina rubuta rasit ina bin bashin kuɗin makaranta, har yaƙin 2023 ya koro mu nan Kasala. Da abin da na gani a wannan kujera zan amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwar riɗi da dawa ne a Gadarif, kuma bana Allah ya rufa asiri. Shugabannin wata kwaleji ta al'umma da ke karɓar yaranmu da yawa sun same ni har sito. Sun ce ko dai in gina babban ɗakin lacca a sa masa sunan mahaifina marigayi, ko in zuba kuɗin a asusun kwalejin su yi abin da ya dace. Zuciyata ta fi kwantawa da ginin, domin shi ake gani, kuma ba mai iya cinye shi. Me ka gani? (Wani Alhaji, Gadarif)

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara wa kasuwa albarka.

Tsoron a cinye maka kuɗi ne ya tura ka wajen siminti, to mu fara daga nan. A duk kuɗin da suka bi ta hannuna ban ga wanda ya kai na gini saurin shiga aljihu ba. Rodi mai kauri a takarda, siriri a cikin ginshiƙi. Siminti buhu 100 a rasit, 70 a fili, kuma da an shafe bango an yi fenti magana ta mutu. Kuɗin makarantar ɗalibi kuwa yana da wuyar sata, domin yana da mai shi, mai shin yana da baki, ranar da aka tare shi a ƙofar ɗakin jarrabawa kowa sai ya ji.

Akwai kuma abin da baƙinka ba su faɗa maka ba, wataƙila don nauyinka da suke ji. Ranar da aka yi bikin buɗewa aka watse, ranar ce ginin zai fara cin kuɗin kwaleji. Yana son mai gadi da mai shara, yana son wuta, yana son man janareta idan wutar ta ɗauke, ga gyaran fanka da kujeru, ga rufin da zai fara yoyo bayan 'yan damuna. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin kyautarka. Daga kuɗin makarantar yaran nan da kake son taimako za a ciro su. Kana cikin manoma, ka san wanda aka ba kyautar tarakta ba dizal, ba direba, ba kayan gyara, ɗawainiya aka ƙara masa. A wurinmu wani bawan Allah ya taɓa gina ɗakin gwaje-gwaje, ya cika shi da madubin ganin ƙwayoyin cuta masu tsada. A kwali suka daɗe, domin ba albashin ma'aikacin da zai kula da su, ba kuɗin sinadarai. Yara suna kwafar hoton ƙwayar jini daga allo, kayan suna kulle a ɗaki na gaba.

Turawan da suka ci ƙasar nan sun san wannan lissafi. A ƙarshen 1898, bayan yaƙin Karari, Kitchener, kwamandan Turawan da ya ci yaƙin, ya roƙi mutanen Ingila su tara fam 100,000 don gina kwaleji a Khartum da sunan Gordon, janar ɗinsu da aka kashe a birnin. A cikin roƙon nasa ya raba kuɗin: fam 10,000 na fara aiki, sauran 90,000 a juya su, abin da suka haifa ya riƙa biyan malamai da hidimar makaranta. An tara fiye da abin da ya nema, aka buɗe kwalejin a 1902. Ba yabon Kitchener nake yi ba, kowa ya san abin da ya yi a Umdurman, kuma akawuna da ƙananan ma'aikata yake so a horar wa gwamnatinsa. Rabon kawai nake so ka duba, kashi ɗaya ga bango, tara ga abin da zai sa bangon ya yi amfani. Kwalejin nan ce aka haɗe da makarantar likitanci a 1951 ta zama Kwalejin Jami'a ta Khartum, sannan Jami'ar Khartum a 1956.

Wanda ya fi kusa da kai shi ne Ahmad Hashim al-Bagdadi, ɗan kasuwa kamarka, baƙo ma a ƙasar. Da aka buɗe makarantar likitanci a 1924, ya ɗauki ɗawainiyar ɗalibanta, daga baya ya bar musu kadarorinsa na Khartum wakafi, kuɗin hayar yana tafiya ga ciyar da su da biya musu buƙata. Tambayi duk tsohon likitan da ya yi karatu a Khartum, zai ba ka labarinsa. Akwai ɗakin lacca mai sunansa a tsangayar likitanci, amma abin da ya riƙe sunan shi ne yaran talakawan da suka ci daga wakafinsa suka zama likitoci.

Saboda haka ni ba zan ɗauki ko ɗaya daga cikin zaɓin biyu yadda aka kawo su ba. Zuba kuɗi tsaba a asusu a ce “ku yi abin da ya dace” yana da nasa haɗari, ko da mutanen amintattu ne, domin jine, kuɗin Sudan, ba ya jira. A watan Fabrairun 2021 aka karya darajarsa daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya cikin yini guda, a wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100, bayan ɓarkewar yaƙi kuma dala ta wuce jine 2,000. Duk wakafin da aka bari a matsayin kuɗi a banki ya zama labari. Abin da kake da shi wanda ba su da shi shi ne sanin kasuwar amfanin gona. Gina sito ko jerin shaguna a inda ka san ana neman haya, ka yi wakafinsu ga kwalejin. Hayar sito tana bin farashin buhu, idan riɗi ya hau ta hau. Wannan shi ne abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa Sayyidina Umar a kan gonarsa ta Khaibar: a tsare asalin, a yi sadaka da amfanin. Kuma idan hali ya yi, kada ka tara komai a gari ɗaya. Masu wakafin da duk kadarorinsu ke tsakiyar Khartum sun ga abin da ya faru.

Sai takarda, wadda nan ne mutanenmu suke sakaci. A rubuta a gaban alƙali, a yi rajista a ofishin wakafi. A ambaci mai kula da shi, kuma kada ya zama mutum ɗaya: ɗaya daga gidanka, ɗaya daga kwalejin, ɗaya wanda ba ruwansa da ku duka. A sa sharaɗin cewa kowace shekara za a kawo lissafi a rubuce tare da sunayen waɗanda suka amfana. A ware wani abu na gyaran sito kafin a raba sauran. Amma kada ka ƙuntata sharaɗi. An taɓa kawo mana kyauta da sharaɗin sai 'ya'yan wani ƙauye, kuma sai masu karatun wani fanni. Shekaru suka wuce ba a sami ko ɗaya da ya cika duka biyun ba. Kuɗin na kwance yana lalacewa, a ofishin da ke kusa kuma ana soke sunayen yaran da suka kasa biya. Rubuta abin da ka fi so, sannan ka ƙara da cewa idan ba a samu ba a ba mabuƙacin da ya fi kusa. Ni da kaina ma zan so ka bar kashi ɗaya cikin huɗu a sake, shugabannin su sa shi inda ya fi ƙuna a wannan shekarar, ko albashi ne ko famfon ɗakin kwanan 'yan mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sunan mahaifinka kuma a sa shi a kan asusun. Duk yaron da aka biya wa zai karɓi takarda mai ɗauke da sunan, ya kai wa uwarsa.

TAMBAYA: Baba, ina shekara ta biyu a karatun aikin jinya. Mun gani a Facebook shugabanmu yana sa hannu a kan tallafin daloli masu yawa daga wata ƙungiya ta ƙasar waje, har sababbin motoci biyu sun iso. Sati uku bayan haka aka ƙara mana kuɗin makaranta. Mahaifina ya rasa shagonsa a Wad Madani. Ina kuɗin suka tafi? (Wata ɗaliba, Kasala)

AMSA: 'Yata, Allah ya mayar wa mahaifinki da alheri. Ban ga littafin kwalejinku ba, ba zan wanke kowa ba, ba kuma zan shafa wa kowa baƙin fenti ba. Amma na san yadda irin wannan kuɗi yake zuwa, kuma ba yadda kuke zato ba ne.

Tallafin ƙungiya kwangila ce. Kwalejin ce ta rubuta ta ce za ta horar da ungozoma kaza, ko za ta binciki zazzaɓin cizon sauro a ƙauyuka kaza, cikin shekara biyu ko uku. Kowane kwabo da layinsa: wannan na mota, wannan na mai, wannan na alawus ɗin masu fita ƙauye, wannan na kayan aiki. Asusunsa ma daban yake. Ba a ba da shi gaba ɗaya, sai kashi-kashi, kuma ba a sakin na biyu sai an kai rahoto da rasit na na farko. Idan akanta ya ciri wani abu daga layin mai ya biya wa ɗaliba kuɗin makaranta, komai kyan niyyarsa, masu binciken kuɗi za su rubuta cewa an karkatar da shi, a ce a mayar, ƙila kuma a rufe ƙofa gaba ɗaya. Motocin da kika gani ma na aikin ne, sau da yawa ko shugaban ba shi da ikon aikensu kasuwa.

Abin da kwaleji take samu a hannunta daga irin wannan shi ne ɗan kason hidimar ofis, wanda a abin da na saba gani bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sau tari ma bai kai abin da aikin ya ci na wuta da ofis da lokacin ma'aikata ba. Wasu masu bayarwar har sharaɗi suke sawa sai kwalejin ta kawo nata kason. Kin ga kenan makaranta tana iya sa hannu a kan daloli da safe, da yamma ta rasa albashin malamai. Malaman kuwa idan albashi ya kasa sayen buhun gawayi da na dawa, jirgin Jidda ko na Riyad suke bi, kuma malamin jinya da likita su ne na farkon tafiya, domin ana nemansu. Kuɗin da shugabanni suke da ikon juyawa yadda suka so, kusan naku ne kaɗai. Shi ya sa hannu yake komawa aljihun iyayenku.

Ba wai ba ki da rabo a tallafin ba. Idan an yi shi da gaskiya, daga nan ake samun gunkin roba da kuke koyon allura da karɓar haihuwa a kansa, da farantan sola da ke riƙe firij da intanet, da malamar da aka tura ƙaro ilimi ta dawo. Tun farkon kwalejin Gordon haka abin yake: Henry Wellcome, mai kamfanin magunguna, shi ya ba da ɗakunan binciken cututtukan ƙasashe masu zafi, daga nan aka fara yaƙi da sauro a Khartum. (Shi ne dai mutumin da daga baya ya yi shekaru yana tonon kayan tarihi a Jabal Moya, kusa da Sinnar.) Illar da na gani da idona ita ce malamai su bar aji su bi alawus ɗin aikin ƙungiya. Idan haka ta fara faruwa a wurinku, wannan abin ƙorafi ne na gaske, ya fi maganar motoci.

Ga abin da za ki yi. Ƙungiyar ɗalibai ta rubuta wasiƙa cikin ladabi ta nemi a bayyana mata abin da tallafin ya ƙunsa da abin da ya shafi ɗalibai a ciki. Shugaban da ba shi da abin ɓoyewa zai ji daɗin wannan tambaya. Ke kuma ki je ofishin kula da harkokin ɗalibai tun kafin lokacin jarrabawa, da takardar da ke nuna halin da gidanku ya shiga, ki nemi rangwame ko biya kashi-kashi. Yawancin kwalejoji suna da ɗan abin da suke warewa don haka, kuma wanda ya zo da wuri yake samu. Yaranmu na Hausawa su ne na ƙarshen zuwa. Kunya take hana su, sai an manna sunayen waɗanda aka dakatar sannan ka ga uba ya zo da rawani yana ba da haƙuri, alhali an riga an rabar.

TAMBAYA: Malam, ni dai hankalina bai kwanta da kuɗin waje ba. Ba wanda yake ba ka dukiyarsa don Allah daga wata uwa duniya. Yau su ba da kuɗi, gobe su ce ga abin da za a koya wa 'ya'yanmu mata. Ba gara mu haƙura da talaucinmu ba? (Wani limami, Sinnar)

AMSA: Allah ya gafarta Malam, rabin maganarka na yarda da ita. Kowane mai bayarwa da abin da yake so, na Turai da na Larabawa da attajirin unguwa duk ɗaya ne a nan. Wani akida yake son yaɗawa, wani suna, wani kasuwa, wani kuma lada. Amma ba kullum mai kuɗi yake girbar abin da ya shuka ba. Kwalejin da aka gina don samar wa Turawa akawuna ita ta yaye mutanen da suka kafa Ƙungiyar Ma'abota Ilimi a 1938, kuma Isma'il al-Azhari, wanda ya ɗaga tutar 'yancin kai a 1956, ɗalibinta ne.

Abin da ni ya fi ba ni tsoro ba shi ne ka ambata ba. Na fi tsoron mai bayarwa guda ɗaya, kowane ne shi. Dubi Cibiyar Musulunci ta Afirka da aka kafa a Khartum a 1977. Saudiyya da Kuwait da Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar da Maroko duk suna cikin masu riƙe da ita, 'yan'uwa Musulmi, ba wanda zai ce sun zo ɓata tarbiyya. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990, gwamnatin Sudan ta ƙi bin sahun ƙasashen Tekun Fasha, sai aka rufe famfo. Ɗaliban da suka zo daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Gwamnatin Sudan ce ta ɗauki nauyin, aka mayar da ita Jami'ar Afirka a 1992. Ƙasashe da yawa ne a takarda, amma fushinsu ɗaya ne, saboda haka tamkar mutum ɗaya ne. Na kwanan nan kuma ka gani da idonka: a watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da agajinta na waje, cikin 'yan kwanaki takiyyoyi masu yawa da ke ciyar da mutane a unguwanni suka sauke tukunya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Maganin ba ƙin karɓa ba ne. Makarantar da ta san abin da ta fito yi tun kafin kuɗi ya zo, ita ce ke iya cewa “wannan mun karɓa, wancan mun gode”. Babikir Badri, tsohon mayaƙin Mahdiyya, ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907 da ɗawainiyar kansa, da 'ya'yan gidansa da na maƙwabta ya fara. Ɗansa Yusuf ya kafa Kwalejin Ahfad a Umdurman a 1966, ta zama jami'a a 1995. Ta yi hulɗa da ƙungiyoyi da jami'o'in waje da yawa, amma ba baƙo ne ya kawo mata manufar ilimin mata ba, a gida ta same ta. Kana iya saɓa wa wasu abubuwan da suke koyarwa, wannan haƙƙinka ne. Abin da nake nuna maka shi ne wanda ya riga wani zuwa, manufa ko kuɗi.

Don haka idan kana cikin majalisar amintattun wata makaranta, tambaya biyu za ka riƙa yi. A karanto mana sharuɗɗan gaba ɗaya, da Larabci, kafin a sa hannu. Sannan idan wannan mai bayarwa ya janye gobe, wata nawa za mu iya biyan albashi? Idan amsar ba ta kai zango ɗaya na karatu ba, to matsalar tana gida. Kuma Malam, da girmamawa, mumbarinka yana cikin maganin. Mutanenmu suna gina masallaci a kan masallaci a layi ɗaya, amma ban taɓa jin an yi huɗuba a kan albashin malamar da ke koyar da ungozoma ba.

TAMBAYA: Ya halatta in ba kwaleji zakkata? (Wani manomi, Damazin)

AMSA: Wannan ta malamai ce, amma ga abin da muke bi a ofis. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin zakka, ba gini a ciki. Mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, ba su yarda a gina makaranta ko masallaci da ita ba, ko da yake wasu na wannan zamani sun faɗaɗa. Ɗalibi matalauci kuwa yana ci da talaucinsa, muddin ba wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka ba ne. Saboda haka mukan buɗe wa zakka littafi dabam, ba ta haɗuwa da sauran kuɗi, kuma da sunan ɗalibi take fita, da saninsa. Idan Diwanin Zakka ya riga ya karɓi ta amfanin gonarka a kasuwa, abin da za ka ba kwaleji sadaka ce, kana da sararin sa ta inda ka so.

TAMBAYA: Baba, mu mata ne 'yan asalin Mai Wurno da Sinnar mazauna Jidda, muna da adashi. Mun yi shawarar kowace ta riƙa ƙara riyal 30 a wata don karatun yaran gida. Wasu sun ce abin ya yi kaɗan, ba zai yi komai ba a jami'a, gara mu sayi abinci mu aika. (Uwar adashi, Jidda)

AMSA: Hajiya, gaishe ku da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Masu cewa ya yi kaɗan ba su zauna a kujerar da na zauna ba. Ba babban kuɗi ne yake fitar da yaro daga kwaleji ba. Iyaye sukan yi ta maza su sayar da akuya su biya na rajista. Abin da ke kayar da shi a tsakiyar hanya shi ne kuɗin ɗakin kwana, da na mota, da na karin kumallo, da na katin intanet yanzu da rabin darasi ya koma waya, da ɗan kuɗin jarrabawar ƙarshe. Na ga yarinyar da ta bar karatu a shekarar ƙarshe a kan abin da bai kai kuɗin turmin atamfa biyu ba. Manyan ƙungiyoyi ba su da layin irin wannan a kasafinsu, attajirai kuma ba sa ganinsa. Wurinku ne.

A Umdurman, a shekarun 1930, da ƙirshi-ƙirshi, wato ƙananan tsabar kuɗi, jama'a suka tara abin da aka kafa gidan marayun da ya zama makarantar koyon sana'a, har yau da sunan ƙirshin ake kiranta. A nan kusa da ku kuma, Madarasatus Saulatiyya ta Makka, wadda Shaihu Rahmatullah ɗan Indiya ya kafa a shekarun 1870, da dukiyar wata mata ce daga Kalkata da ta zo aikin hajji, Saulatun Nisa, shi ya sa take ɗauke da sunanta.

Amma ku yi shi da tsari. Abu na farko, ku kiyaye dokar ƙasar da kuke zaune. Saudiyya ba ta wasa da tara gudummawa ba da izini ba. Kada ku yi shela a WhatsApp, kada ku sa lambar asusun wata a ce kowa ya zuba, kada ku karɓi kuɗin wanda ba ya cikinku. Ku tambayi wanda ya san doka yadda za ku tsaya a cikin iyaka, kuma aikawa ta bi halastacciyar hanya, ko da ta fi tsada.

Ku bar kuɗin a riyal har ranar da za a biya. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, jine kuwa kin ji abin da na gaya wa Alhajin Gadarif. Kuɗin makaranta ya tafi kai tsaye asusun kwaleji, ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ko yadda suka tsara, a turo muku hoton rasit mai sunan yarinyar da lambarta. Na abinci da mota ne kawai zai shiga hannunta, wata-wata, ba a dunƙule ba, domin idan ya zo a dunƙule gida zai shiga, kuma ba za ki ga laifin uwar da ta sayi dawa da shi ba.

Inda za ku sami saɓani shi ne wajen zaɓe, domin kowace tana da 'yar ƙanwa. Ku rubuta ƙa'ida tun kafin a ambaci sunan kowa, ku sa wata malama a gida da ba ta da 'ya a cikin masu nema ta tantance. Ni shawarata ku ɗauki kaɗan ku kai su ƙarshe. Yara 3 da suka karɓi shahada sun fi 15 da aka biya wa shekara ɗaya aka sake su. Ku fara da waɗanda suka riga suka yi nisa yaƙi ya tsayar da su, 'yan shekara ta uku da ta huɗu, musamman masu jinya da ungozoma da koyarwa, domin su ne za su fi saurin fara aiki, kuma garuruwanmu na bakin Kogin Shuɗi suna buƙatarsu. Kafin ku ɗauki yarinya ku lissafa kuɗinta har zuwa ƙarshe, ku ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda ƙarin da ba makawa sai an yi. Idan abin da ke hannu bai kai ba, ku jira wata shida.

Maganar abinci kuma ba a yar da ita ba. Idan yunwa ta yi tsanani a wata shekara, ku zauna ku yanke shawara a fili, ku ware wani kaso, amma kada a taɓa na yarinyar da aka riga aka yi wa alkawari. A ƙarshen kowane zango ta turo muku sakamakonta. Idan ta faɗi darasi ɗaya kada ku yanke mata, ku kira ta ku ji dalili, sau da yawa za ku tarar wayarta ce ta lalace ko an kwantar da uwarta a asibiti.